Kuɗin likkafani da kuɗin mota



'Yan uwa, duk wanda yake salla a nan ya san akwatin jana'iza da ke bakin ƙofa. Al'ada ce da muka gada daga iyayenmu, waɗanda suka baro Kano da Katsina da Sakkwato suka zo Lafiya sayen doya da riɗi, har zama ya kama su. Idan baƙo ya rasu ba shi da kowa, a nan ake ɗaukar kuɗin yadi da na masu haƙa, a yi masa wanka, a sallace shi, a kai shi makwancinsa. Ba a taɓa jin wani ya miƙe ya ce a dakata a binciki halin mamacin kafin a yanka masa likkafani ba. Mace ce ko namiji, mai salla a sahun gaba ne ko wanda ba a taɓa gani a masallaci ba, indai Musulmi ne an gama magana.

Tambayar da muke so mu ajiye a gabanmu wannan Juma'ar ita ce: me ya sa hannunmu yake saurin buɗewa idan mace ta zama gawa, amma yake nauyi a lokacin da kuɗin mota zuwa asibiti zai iya zama sanadin tsawon kwananta? Kuma me ya sa tambayar da ba ma yi a kan gawa, wato "wace irin mace ce?", ita ce ta farko da muke yi a kan mai rai?

Akwai ciwon da ya sa wannan tambaya ta zama dole, shi ne sankarar bakin mahaifa, wadda wasu ke kira kansar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 kaɗai mata kusan 12,000 ne suka kamu da ita a Nijeriya, kusan 8,000 kuma suka rasu. A duniya baki ɗaya, a 2022, an ƙiyasta sabbin kamuwa kusan 660,000 da mutuwa kusan 350,000, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na masu mutuwar a ƙasashen da ba su da ƙarfi suke, irin tamu. Abin da ke jawo ta kusan koyaushe wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar kusantar namiji da mace. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙar, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar tana da iri da yawa, amma iri biyu, na 16 da na 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara.

Ga inda abin ya bambanta da sauran cututtukan daji. Ba ta zuwa da gaggawa. Yawancin waɗanda suka ɗauki ƙwayar, jikinsu ne ke kore ta da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ba su ma san an yi ba. A wajen ƙalilan ne take maƙalewa, kuma daga maƙalewar zuwa ta zama sankara ana ɗaukar shekara 15 zuwa 20. Shekara ashirin fa, jama'a. Yarinyar da aka haifa ta isa aure ta haihu a cikin wannan tsakani. Duk tsawon lokacin nan, da za a duba, ana iya ganin tabon farko a ƙone shi a rana guda. Saboda haka ciwo ne da yake ba da dogon wa'adi, kuma wadda take mutuwa da shi, galibi, ita ce wadda shekara ashirin suka wuce ba wanda ya ce mata ta je a duba ta.

To su wane ne waɗannan? Ba sai an yi dogon bincike ba, muna wuce su kullum. Bazawarar da aka saka da 'ya'ya huɗu tana soya awara a bakin tasha. Matar da rikici ya koro daga ƙauyukan Awe ko Keana ko Doma tana kwana a kangon da ba a gama ginawa ba. Bafulatanar da ke shigowa da nono ta koma ruga kafin Magariba. Tsohuwar da ke bara a ƙofar wannan masallaci. Matar da mijinta ya tafi Fatakwal da lodin doya, ya bar mata kuɗin cefane ya kuma bar mata dokar kada ta fita. Sai mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, wadda haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida, kuma a wajenta wa'adin nan yakan gajarta zuwa shekara 5 zuwa 10; wannan ba labarin nesa ba ne a wajenmu, ga mu ga Binuwai. Matar Alhaji ma tana iya kamuwa, ciwo bai san mai kuɗi ba. Amma ita da ta ga jini za a sa ta a mota, in nan bai yi ba a wuce Keffi, in Keffi bai yi ba a wuce Abuja. Mai awara kuwa, ranar da ba ta soya ba ranar ba a ɗora tukunya.

A ranar 24 ga Oktoba, 2023, gwamnatin tarayya ta shigar da allurar rigakafin wannan ƙwaya cikin jerin alluran da ake yi kyauta. Jihar Nasarawa tana cikin rukunin farko, tare da Kano da Jigawa da Bauchi da Binuwai da Abuja da wasu. Sauran jihohi suka biyo baya a watan Mayu na 2024. Allura ɗaya ce tak, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, an kuma sa burin kaiwa ga yara miliyan 7.7. Ma'aikata sun shiga makarantu, sun shiga unguwanni. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah. Yarinyar da ke makaranta, sunanta yana rajista, malami ya kira ta, an aika wa mahaifinta takarda. Yarinyar da ke yawo da farantin gyaɗa tun safe, wa ya kira ta? 'Yar aikin da aka kawo daga ƙauye, wadda ke wanke-wanke a gidajenmu, ranar da aka yi wa 'ya'yan gidan allura a makaranta ita tana ina? Tana gindin murhu. Uwarta tana can nesa, uwar ɗakinta kuma tana ganin ba hurumi na ba ne. Wannan yarinya ita za a fi saurin aurarwa, ita za ta fi yawan haihuwa, ita ce kuma ba za ta taɓa ganin ɗakin gwaji ba. Wato wadda ta fi kowa bukatar allurar ita ce aka fi sauƙin tsallakewa. Wanda ya ɗauko 'yar mutane ya ajiye a gidansa, amana ya ɗauka, kuma amana ba ta tsaya a tuwo da zanen Salla ba. Aika wa iyayenta saƙo a nemi yardarsu a kai ta cibiyar lafiya ta gwamnati bai fi ƙarfin katin waya ba.

Mun san abin da wasu za su ce, domin an faɗa a majalisu an kuma yaɗa a WhatsApp: allura ce ta hana haihuwa. Ba za mu raina wa mai wannan tsoro hankali ba, tsoron yana da tushe. Mutanen Kano da ke cikinmu ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, yara 11 suka rasu cikin 200 da aka sa a gwajin, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya dole ya yi tsalle. Sai dai a duba bambancin. Wancan magani ne da ake kan gwadawa. Wannan allura kuwa tun 2006 ake yin ta, kuma ƙasashen da suka ƙera ta 'ya'yansu suka fara yi wa. Ostireliya ta fara a 2007, Maleshiya, ƙasar Musulmi, ta fara a 2010, Ruwanda a 2011. A Ingila an bi sawun matan da aka yi wa tun suna shekara 12 zuwa 13, sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna sankarar ta ragu da kashi 87 cikin 100 a cikinsu. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Bauchi, ya faɗa a bainar jama'a cewa an yi wa 'ya'yansa mata huɗu. Mun kuma ga abin da ƙauracewa allurar shan inna ta jawo a 2003 zuwa 2004: yaran da suka gurgunce a lokacin, yau magidanta ne, suna tura keken guragu a tashoshinmu.

Amma a ganinmu ba tsoron allura ne babban abin da ke kashe mata ba. Zato ne. Da zarar an ji cewa ta hanyar kwanciya ake ɗaukar ƙwayar, sai kowa ya ja baki, a fara kallon mai ciwon da wani ido. Ita ma ta san za a kalle ta, shi ya sa take ɓoyewa har sai wari ya tona mata asiri. A nan ya kamata mu maza mu saurara da kyau. Ƙwayar nan namiji ma yana ɗauka, kuma galibi ba ta nuna masa alama ko kaɗan. Mutum zai iya ɗauko ta daga aurensa na fari, ko daga bazawarar da ya aura wadda ita ma ta samo daga mijinta da ya rasu, ya kawo wa amaryar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai shi. A gidan da ake da mata biyu ko uku, ta hannun mai gida ɗaya take zagayawa, alhali kowa yana cikin halal. Ba mu ma shiga batun mai tafiye-tafiyen da Shaiɗan ya rinjaya a wani masauki ba, ya tuba, ya dawo gida, ya manta. Ƙwayar ba ta manta ba. Saboda haka wanda ya ji matarsa ko maƙwabciyarsa tana da wannan ciwo ya ce "ai da ma", to ya sani ya kusanci ƙazafi, kuma kowa ya san yadda Suratun Nur ta tsananta a kan wannan: shaidu huɗu, in babu su bulala tamanin ta hau mai maganar. Takardar asibiti ba shaida ba ce a kan mutuncin kowa.

Har zuwa nan, muna jin babu mai ja. Kowa zai yarda a taimaki baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba. Wuyar tana gaba. Yaya batun wadda kowa ya san sana'arta, mace mai zaman kanta a bayan tasha? Ita fa? Wani dattijo zai ce, kuma da gaskiyarsa yake faɗa, ita ta saya da kuɗinta, kuɗin masallaci ba za su tafi gyara abin da saɓo ya ɓata ba, kuma in aka sauƙaƙa mata an ƙarfafa wa wasu gwiwa.

Mu ɗauki maganar a hankali. Direban da ya yi gudun wuce sa'a ya kife a gangaren nan na hanyar Akwanga, shi ma shi ya jawo wa kansa, har ya jawo wa fasinja. Wa ya taɓa tsayawa a kansa yana jini ya ce a fara karanta masa laifinsa? Ɗaukarsa ake yi a guje. Mai shan taba da huhunsa ya lalace, muna zuwa dubiya da lemo da ayaba. Ashe ba ƙa'ida muke bi ba ta cewa mai laifi ba ya cancantar magani. Da ƙa'ida ce da ta hau kan kowa. Mace kaɗai muke yi wa wannan awo, kuma a kan laifin da ba ta taɓa yin sa ita kaɗai ba. Waɗanda ke zuwa wajenta da dare ba daga sama suke faɗowa ba, wasu da safe a kasuwa ɗaya muke cin abinci da su, kuma abin da suka ɗauko can gidajen aure suke kai shi. Ko don wannan kaɗai, lafiyarta ba ta rabu da lafiyar matan kulle ba.

Sannan me muke fata ga mai saɓo in ba tuba ba? Tuba kuwa mai rai ne ke yin ta. Wanda ya bar ta ta ruɓe a ɗaki don ya nuna ƙin saɓo, bai hana saɓo ba, lokacin tuba kawai ya rage mata. Yawancinsu ma in aka bi labarinsu za a tarar da auren dole da aka gudu, ko saki uku cikin fushi, ko gidan uba da aka ce ba wuri. A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin wata mace mai irin wannan sana'a da Allah Ya gafarta mata saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa. Malamai suna karanta mana shi a watan azumi mu yi ta kabbara. Abin mamaki, muna murna da rahamar da aka yi mata a littafi, amma 'yar uwarta da ke bayan tasha ba ma iya amsa sallamarta. Ba cewa muke a halatta haram ba, haram tana nan haram. Hukunci yana da masu shi da hanyarsa da sharuɗɗansa, kuma babu littafin fiƙihun da ya lissafa barin mutum ya mutu da sankara a cikin haddi.

Akwai wani labarin a littattafan guda biyu, na matar da take share masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an ga lamarinta bai kai a tashe shi ba. Da bai gan ta ba sai ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Abin da ya kamata mu lura da shi: ya gane ba ta nan. A cikin jama'ar Madina duka, idonsa ya nemi mai shara. Mu da wuya mu san sunan tsohuwar da ke bara a ƙofarmu, balle mu lura yau sati uku ba ta zo ba.

Malamai suna kiran jana'iza farali na kifaya, in wasu suka yi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ceton rai da ciyar da mai yunwa da kula da mara lafiyar da ba shi da kowa, a wannan babin suke. Kuma su ba su tsaya a kan Musulmi ba. Likkafani na Musulmi ne, haƙƙin maƙwabtaka kuwa ya haɗa da 'yar Tibi da 'yar Eggon da 'yar Alago da muke sayen doya da gari a hannunsu. Mu da kanmu baƙi ne a garin nan, mun san ɗacin a ce maka kai ba ɗan ƙasa ba ne a lokacin da kake neman abu a ofis. Bai dace a ji irin wannan kalma daga bakinmu ba.

Wani zai ce to a ɗebi na akwatin jana'iza mana. A'a. Wanda ya jefa kuɗinsa a ciki da niyyar gawa ya jefa, ba mu da ikon karkatar da su ba da izininsa ba. Abin da za a kai gaban kwamiti shi ne a ajiye akwati na biyu kusa da na farko, na kuɗin mota da kati da gwaji, a damƙa shi a hannun iyayenmu mata na Islamiyya, domin su ne mace za ta iya faɗa wa abin da ba za ta faɗa wa sakatare ko liman ba. Kada a rubuta suna a allo, kada a yi sanarwa a lasifika. Masu fitar da zakka su ma su tuna cewa bazawara mara lafiya tana cikin fakirai da miskinai tun kafin a zo maganar buhun shinkafar azumi.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar ko kwabo, kuma a hannun malamanmu yake. Babu makarantar matan aure da ba a yi wa malam wannan tambaya: "Allah gafarta malam, jini ya ƙi ɗauke mini, in yi salla ko in bari?" Malam zai buɗe abin da ya karanta a Ahalari da Iziyya da Risala, ya ce mafi tsawon haila kwana 15 ne, abin da ya wuce jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da sallarta. Amsa ta yi daidai, sallarta ta inganta. Amma shi kansa littafin jinin ciwo ya kira shi. Ciwon mene? Nan ne ake tsayawa. Matar ta koma gida da hukuncin sallarta, ciwon yana nan yana cin ta. Daga nan sai a ce sanyi ne, ta sayi jarka a wajen mai lasifika a tasha. In bai yi ba a ce shafar aljanu ce, a shiga hayaƙi da rubutu. A haka shekara biyu za ta tafi. Ba mu hana addu'a ba, wa ya isa. Roƙonmu ga malamai maza da mata shi ne su ƙara jimla ɗaya a ƙarshen fatawa: ki je asibiti a duba ki cikin satin nan. Musamman idan jinin yana zuwa bayan kwanciya da miji, ko tsakanin haila da haila, ko ya dawo bayan mace ta manyanta ta daina gani, ko akwai ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ko ciwon mara da baya da ba ya sauka. Ba kowane irin wannan ne sankara ba, sau da yawa wani abu ne mai sauƙi, amma ba malam ne zai tantance ba, ba kuma mai jarka ba.

Wadda ba ta jin komai ma ana so ta je, domin tabon farko ba ya ciwo. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kowace mace a gwada ta aƙalla sau biyu a rayuwa, kafin ta wuce shekara 35 da kuma kafin ta wuce 45. Mai cuta mai karya garkuwar jiki ta fara tun tana 25, ta kuma riƙa maimaitawa. Gwajin da aka fi yi a asibitocinmu na 'yan mintuna ne: ma'aikaciyar jinya ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa, in akwai tabo sai wurin ya yi fari, a ƙone shi da ɗan ƙarfe mai zafi ko a daskarar da shi, mace ta koma gida da ƙafarta. In aka bari ya zama sankara sosai, sai tiyata da allurai masu tsada da gashi a inji, injin kuwa sai an dangana da irin Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ga layi, ga kuɗin masauki, ga 'ya'ya a gida. A nan Lafiya a fara da cibiyar lafiya ta unguwa ko sashen mata na babban asibitin garin, a tambayi ranar da ake gwajin. Mai gidan da ke jin nauyin namiji ya duba iyalinsa yana da damar ya nemi mace ta duba ta, ma'aikata sun saba jin wannan roƙo. In zai yi tafiya mai nisa, ya bar izinin zuwa asibiti tare da kuɗin cefane, ya faɗa da bakinsa a gaban mahaifiyarsa ko wani babba a gidan, don kada a tsare ta a ƙofa bayan ya tafi.